Harajin gida da makarantun gwamnati: ra'ayin ɗan haya daga Mairi

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, mai sauri ya ajiye shi sai dare.

Jiya bayan lakcar yamma muka tsaya gardama da 'yan ajinmu na mastas a gindin darbejiya. Daga kukan tsadar haya a Mairi aka fara, aka ƙare a makarantun firamare na gwamnati. Na ce ni ina goyon bayan a riƙa karɓar harajin gidaje da filaye a Maiduguri a zuba wa makarantu. Abokina ya ce, "Malam, kai da ko fuloti ba ka da shi, ai dole ka faɗi haka." Wata 'yar ajinmu ta ce, "Ai shi ne ma zai biya, mai gida a kansa zai sauke." An yi dariya an watse, amma maganar ba ta bar ni na yi barci da wuri ba.

Da farko, wannan haraji ba baƙon abu ba ne a doka. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki akwai kimanta gidajen mutane domin sanya musu haraji yadda Majalisar Dokokin jiha ta tsara. A cikin jadawalin nan dai aka ce ƙaramar hukuma tana da hannu wajen samar da ilimin firamare da kula da shi. Wato aikin da hanyar kuɗinsa a wuri ɗaya aka rubuta su. Mu dai mun saba da jiran kason wata daga Abuja, shi ke nan.

Kuma mu 'yan jami'a, don Allah mu ji kunya kaɗan in za mu yi adawa da harajin ilimi. Ka zagaya UNIMAID ka ƙirga gine-ginen da aka rubuta TETFund a jikinsu. Kuɗin nan haraji ne da aka ɗora wa ribar kamfanoni tun 1993, ya fara da kashi 2 cikin ɗari, a 2023 ya kai kashi 3. Zauren da nake zama in ɗauki lakca wani ne ya biya harajinsa, bai san ni ba, ban san shi ba. Firamare kuwa fa? Dokar UBE ta 2004 ta ware aƙalla kashi 2 cikin ɗari na babban asusun tarayya, kuma jiha ba ta samun kason gine-gine sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Albashin malamai kuma daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi. In an biya albashi, me ya rage na alli, benci, banɗaki da rufin da iska ta yaye?

Na san amsar saboda na gani da idona. Kwanaki maƙwabciyarmu, wadda mijinta ya rasu, ta roƙe ni in raka ɗanta wata firamare don a mayar da shi aji bayan ya yi jinya. Na leƙa ajin, na fara ƙirga yara, da na wuce ɗari sai na daina. Yawancinsu a ƙasa suke zaune. Malamar tana bakin ƙoƙarinta wallahi, muryarta har ta dishe. A hanyar dawowa uwar take lissafa mini abin da ta kashe a zangon: kuɗin PTA, tsintsiya, kuɗin jarrabawa, yunifom, littattafan rubutu. Ƙosai take soyawa. To wannan ba haraji ba ne? Haraji ne, sai dai ba shi da rasit, kuma wanda ya fi kowa rashi shi yake biya. Mai benaye uku a gari 'ya'yansa suna makarantar kuɗi, ko tsintsiya ɗaya ba ta taɓa fita daga gidansa zuwa makarantar gwamnati ba.

Wani zai ce ai guminsa ne ya gina. Gini guminsa ne, na yarda. Amma darajar filin fa? Fulotin da aka shimfiɗa wa kwalta, aka ja masa magudanar ruwa, kuɗinsa ya ninka ba tare da mai shi ya ɗaga ko bulo ɗaya ba. Lokacin da rikicin Boko Haram ya koro jama'a daga ƙauyuka zuwa cikin gari, ƙungiyoyin agaji suka cika GRA, kowa ya san yadda haya ta yi tashin gwauron zabi. Masifar da ta cika azuzuwan MMC da Jere da yaran 'yan gudun hijira ita ce ta cika aljihun wasu masu gidaje. A ce su mayar da ɗan wani abu ga azuzuwan nan, ban ga zalunci a ciki ba.

Amma ga inda nake rabuwa da masu cewa a kwaikwayi Amurka kawai. A can, kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen gundumar da makarantar take yake fitowa. Unguwar masu tsadar gidaje tana tara kuɗi da yawa ko da an sa haraji kaɗan, unguwar talakawa kuwa ko ta matse kanta ba ta kamo ƙafarta. A birnin San Antonio na jihar Texas, iyayen gundumar Edgewood, wani Demetrio Rodriguez na gaba, suka kai ƙara saboda ratar da ke tsakaninsu da gundumar masu hali ta Alamo Heights. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 5 a kan 4, ta ce tsarin bai saɓa wa kundin tarayya ba. Tun daga nan ake ta shari'o'i a kotunan jihohi kan wannan rata.

Ku ɗauko wannan ku ɗora a Borno ku gani. In aka ce kowace unguwa ta ci abin da ta tara, Old GRA da Damboa Road za su yi rarar kuɗi alhali yaransu ƙalilan ne a makarantar gwamnati, Gwange da Bulumkutu kuwa yara fal, kuɗi babu. In aka koma matakin ƙananan hukumomi 27 abin ya fi muni. Gida nawa za a kimanta a Guzamala ko Abadam ko Marte, inda mutane suke ƙoƙarin komawa kango? Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 da ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye abin murna ne ta wani ɓangaren, amma tsofaffin malamai ba su manta 1991 ba, lokacin da aka sakar wa ƙananan hukumomi firamare, albashi ya riƙa maƙalewa, har sai da aka dawo da hukumar firamare ta ƙasa a 1993.

Don haka sharaɗina shi ne kuɗin ya bi ɗalibi, kada ya bi unguwa. A tara shi asusu ɗaya na jiha, a raba bisa yawan yaran da ke aji, a ƙara wa makarantar da ta fi cunkoso da wadda take garin da aka sake tsugunar da mutane. Tunda kundi ya ba ƙananan hukumomi hurumin kimantawa, sai Majalisar Dokoki ta zauna da su a yi doka, kamar yadda Legas ta haɗe harajin ƙasa da na gidaje wuri ɗaya tun 2001. Sai dai mu ɗauki darasi: da Legas ta ƙara kuɗin da yawa a 2018, jama'a sun yi caa har gwamnati ta rage. BOGIS tana nan tana rajistar filaye da karɓar kuɗin ƙasa, ba daga sifili za a fara ba.

Saura maganar 'yar ajinmu, wadda ta fi damuna tunda aljihuna ta taɓa. Gaskiya ne, a wuri kamar Mairi da ɗakuna suka yi wa ɗalibai kaɗan, mai gida zai iya ɗora mana wani ɓangare. Shi ya sa nake ganin a sa nauyin a kan fili fiye da gini, musamman manyan fulotan da aka zagaye da katanga aka bari shekara da shekaru ana jiran su yi tsada. Babu ɗan hayar da za a sauke wa a can, kuma in riƙe fili ba gini ya fara cin kuɗi, wasu za su gina, ɗakuna su ƙaru. Ƙaramin gidan da mutum yake zaune da iyalinsa a yafe masa. Haka gidajen da ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024 ta lalata a Gwange da Fori da sauransu, a ba su shekaru su farfaɗo tukuna.

Na san kalmar haraji tana da ɗaci a Arewa. Kakanninmu sun sha wuyar harajin kai da jangali, shi ya sa har yau ake yabon Abubakar Rimi da Balarabe Musa da suka soke su a Kano da Kaduna a jamhuriya ta biyu. Amma wancan kan mutum ake ƙirgawa, talaka ya biya ko da bai da abin kai wa baki. Wannan dukiya ake dubawa. Batun "za su cinye kuɗin" kuma tsoro ne mai hujja, ba na musu. A liƙa a ƙofar kowace makaranta nawa aka turo mata a zangon da abin da aka saya, iyaye su karanta da idonsu. In ba za a yi haka ba, ni ma na janye.

Da safen nan na gwada maganar a kan mai gidanmu bayan mun gaisa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ɗana, in an kawo takardar zan biya. Amma ka sani rabi naka ne." Na ce, "Baba, in dai yaron maƙwabciyarmu zai samu benci, mu raba." Ya yi dariya ya ce in fara kawo cikon kuɗin hayar bana tukuna.