Wa ke kula da rayukan jama'a a filin kiɗa?

Da zarar an kawar da amfanin gona, ko kuma Sallah ta zo, garuruwa irin su Rano da Kibiya a kudancin jihar Kano kan cika da tarukan kiɗa da waƙa, kama daga bukukuwan aure zuwa gangamin 'yan siyasa.

Galibi a dandali ko filin makaranta ake yin su, ga janareto a gefe, ga wayoyin lantarki a ƙasa.

Hukumomin Kano dai sun daɗe suna sa ido a kan irin waɗannan taruka. A watan Mayun 2025, Hukumar Tace Fina-finai ta jihar ta haramta bikin ranar ƙauyawa da ake yi gabanin aure.

Sai dai kuma hujjar da aka bayar ta kare tarbiyya ce. Ba kasafai ake jin batun yawan mutanen da fili zai iya ɗauka ba, ko yawan ƙofofin fita, ko tanadin ma'aikatan lafiya.

Kasancewar taro a sarari ba ya hana asarar rayuka. A shekarar 2010, mutane 21 suka mutu a wani bikin kiɗa a birnin Duisburg na Jamus, inda jama'a suka cushe a hanya guda ta shiga da fita. Wasu 10 sun mutu a wani wasan a Houston ta Amurka a 2021.

Akasarin waɗanda kan mutu a irin wannan cunkoso, matsewar ƙirji ce ke hana su numfashi, wasu ma suna tsaye.

A Najeriya ma, yara 35 sun rasu a turmutsitsin wani bikin yara a Ibadan a watan Disambar 2024. Bayan kwana uku, wasu mutane 32 suka mutu wajen rabon abinci a Okija da Abuja.

Daga nan ne 'yan sanda suka umarci masu shirya manyan taruka da su riƙa sanar da su tun da wuri.

To amma a karkara, mai unguwa da dagaci ne kan fara sanin za a yi taro. Don haka Masarautar Rano, wadda tun 2024 ta ƙunshi ƙananan hukumomin Rano da Kibiya da Bunkure, na da rawar takawa.

Idan aka ɗaura izinin taro a kan samar da ƙofofi fiye da ɗaya, da ɗage wayoyi daga ƙasa, da ajiye mota domin gaggawa, kuɗin da za a kashe kaɗan ne.

Abin jira a gani shi ne ko za a ɗauki matakin kafin wani abu ya faru.