ZAGAYA DUNIYA: Balin, garin da ake ba fim beyar zinare

Duk wanda ya saba zama a shagunan masu tura finafinai a waya da ke Babbar Kasuwar Kaduna, wato Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ya san hirar samari ba ta wuce uku: ƙwallo, 'yan fim, sai kuma fita waje. In an zo kan Jamus, sai ka ji wani ya ce, "Ai ni da zan samu biza, wallahi ba na dawowa!" To, a yi hattara. Jamus wurin zuwa ce a buɗe ido a dawo da ilimi, musamman ga mai son harkar fim.

Balin, babban birnin ƙasar, gari ne na mutum sama da miliyan 3.5, kuma garin sinima ne na gaske. Tun 1951 ake yin bikin finafinai na Berlinale a can, yanzu a watan Fabrairu na kowace shekara. Babbar kyautar bikin gunkin beyar ne na zinare, domin beyar ce tambarin garin. Kada a ɗauka Turawa kaɗai ke cin ta. A 2005 fim ɗin U-Carmen eKhayelitsha na Afrika ta Kudu, wanda aka yi da harshen Xhosa, ya lashe ta. A 2024 kuma darakta Mati Diop, mai tushe a Senegal, ta ɗauke ta da fim ɗin ta Dahomey. Daga Nijeriya ma an nuna Eyimofe a bikin 2020. Ke nan fim ɗin harshen gida ya na iya kai wa can, in an tsaya an yi aiki mai kyau.

Abin daɗin shi ne ba sai ɗan fim ke shiga ba. Ana sayar wa kowa tikiti ta intanet, kwana uku kafin a nuna fim. Sai dai Fabrairu tsakiyar hunturu ne, sanyin har ƙanƙara ya ke kawowa, ya fi na Jos nesa ba kusa ba. Mai niyya ya fara bi ta layin 'yan gwanjo ya nemi kwat mai kauri da safar hannu.

Dab da Balin akwai garin Potsdam, inda sutudiyon Babelsberg ya ke tun 1912. A nan aka ɗauki tsohon fim ɗin nan Metropolis na 1927. A cikin gari kuwa akwai Ƙofar Brandenburg da aka gama a 1791, da hasumiyar talbijin mai tsawon mita 368, da ragowar katangar da ta raba garin gida biyu daga 1961 zuwa 1989, ta raba uwa da ɗa. Furodusan da ke neman labari mai sosa zuciya, ga shi nan a banza.

Bahaushe ba baƙo ba ne a Jamus. A Balin aka binne Heinrich Barth, Baturen da ya shigo Kano a 1851 ana kiran sa Abdulkarim. Da zai koma gida a 1855 ya tafi da wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda ya ga birnin Hamburg da idon sa. An rubuta labarin tafiyar tasa da Hausa, ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Dorugu ya je, ya gani, ya dawo, har ya ƙare rayuwar sa a Kano.

Ɗan kasuwar Kaduna zai sha mamaki. A kantin Jamus babu ciniki, babu "albarka", babu "sallama min". Abin da aka rubuta shi za a biya. Ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe su ke. Jirgin ƙasa na cikin gari babu shinge a ƙofa, amma duk wanda aka kama ba tikiti, tarar yuro 60 ce. Batun abinci kuwa, unguwannin Kreuzberg da Neukölln cike su ke da Turkawa da Larabawa, akwai naman halal, akwai masallatai irin na Şehitlik.

Saura babbar magana: biza. Ta yawon buɗe ido ba ta wuce kwana 90, kuɗin ta yuro 90 ne tun daga 2024, kuma ko an hana mutum ba a mayar masa da ko kwabo. Ana neman inshorar lafiya, da shaidar masauki, da takardar banki, da hujjar cewa mutum zai dawo. Ofishin jakadancin Jamus ne kawai ke yanke hukunci, don haka duk dillalin da ya ce a kawo miliyoyi ya na da hanya, jarin mutum ya ke so ya cinye. Wannan biza ba ta ba da izinin aiki, kuma wanda ya wuce wa'adi zai iya fuskantar kora da hana shi sake shiga.

Shawara ga matasa masu sha'awar fim: a riƙe sana'a, a tara kuɗi na halal, a bi ta ƙofa. Mai basira kuma ya gwada neman shiga Berlinale Talents, shirin da bikin ke horar da matasan 'yan fim na duniya tun 2003. Sai mun haɗu a wata mai zuwa.