Wa Ya Zaɓar Mana Waƙar Da Ta Fi?

Yau zancenmu na akwatin rediyo ne. Ina roƙon uwargida kada ta ce hirar banza ce ta naɗe jarida, domin akwai hakkinmu a ciki.

Duk wadda ta yi wayo a ƙasar Gobir kafin zuwan wayar hannu ta san shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Gidan rediyon nan an buɗe shi a 1962, muryarsa kuwa tana isowa har Kurawa da Sabon Birni da Isa ta gajeren zango, in dai batir bai yi sanyi ba. Mutum zai sayi kati, ya rubuta sunansa da na waɗanda yake gaisarwa, ya faɗi waƙar da yake so, ya manna kan sarki, ya ba mai shiga gari ya jefa masa a gidan waya. Sa'an nan ya zauna jira. Ranar da aka karanto sunansa kuwa, har wanda ba sa ga maciji da shi sai ya ji labari.

Mutanen Amurka suna da irin nasu, amma su da lissafi suke yi. A ranar 4 ga Yuli 1970 wani ma'aikacin rediyo mai suna Casey Kasem ya fara shirin American Top 40, watau waƙoƙi 40 da suka fi tashe a mako. Yakan faro daga ta 40 yana gangarowa har ta ɗaya, tsakanin waƙa da waƙa yana ba da labarin mawaƙin, da makon da waƙar ta shigo jeri, da wadda ta ture. Jerin kuwa daga mujallar Billboard yake ɗaukowa, wadda ke duba yawan faifan da aka saya da yawan sakawa a gidajen rediyo.

Mu ba mu yi irin wannan jeri ba. Ma'auninmu kati ne. Waƙar da katuna suka fi nema ita ake yawan sakawa, wadda ake yawan sakawa ita yara ke haddacewa, ita kuma ake cewa ta yi tashe. To, su wa ke aika katunan? Ki tuna sunayen da kike ji: direba ne, tela ne, mai shayi ne, soja ne a bariki, ɗan kasuwa ne a Kurmi ta Kano. Matar aure sai a can gindin kati, bayan abokai da 'yan majalisa, ita ma ba da suna ba, mai ɗaki kawai za a ce a wuce. Ba laifin iyayenmu ba ne. Kaɗan ne aka sa makarantar boko, kuɗin kati ba a hannunsu yake ba, akwatin ma na maigida ne, in ya ga dama ya rataya shi ya fita zaure. Amma ranar da ya bar shi gida, wa ke saurare tun hantsi har la'asar, tana tankaɗe tana raino? Mu ne muka fi kowa ji, mu ne kuma ba a tambaya ba.

Kada ki ɗauka ina raina abin da maza suka zaɓa. Ni Bagobira ce, in an sako Bakandamiyar Ibrahim Narambaɗa, mutumin Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, sai na ajiye muciya na saurara. Haka Musa Ɗanƙwairo, haka Ɗan Anace in yana wasa Shago, haka Mamman Shata. Wa zai ja da waɗannan? Sai dai waƙoƙinsu na sarauta ne da dambe da noma da masu hannu da shuni. Ina waƙar niƙa? Ina ta daka, wadda mata uku ke yi a turmi ɗaya taɓarya na amsa taɓarya? Ina ta lallashin jariri, da ta gaɗa a dandali, da wadda ake raka amarya da ita? Barmani Choge ta Funtua, wadda ta rasu a 2013, ta kutsa da ƙwaryarta har aka san ta ko'ina, haka Uwaliya Mai Amada ta Kano. Ki ci gaba da ƙirgawa ki ga ko za ki cika yatsun hannuwanki.

Abin da ya sa na tayar da maganar yau shi ne lokaci yana ƙure mana. Injin niƙa ya kori dutsen niƙa, waƙarsa ta bi shi. Ta'asar 'yan bindiga ta hana 'yan mata fita dandali da farin wata, kuma tun 2019 dubban mutanenmu suka ƙetara jihar Maraɗi gudun hijira. Waƙar Narambaɗa tana cikin faifai, ba inda za ta. Waƙar kakarki a bakinta kaɗai take.

Yanzu kuwa uzurin kati ya ƙare. Gidan Rediyon Rima na Sakkwato da tashoshin da muke kamawa daga tsallaken iyaka suna da shirye-shiryen gaisuwa da ake bugo waya. Ran da za a yi, ki ɗauki gawayi ki riƙa jan layi a bango, maza gefe, mata gefe, ki gani da idonki.

Na san wata za ta ce ba mutunci ba ne a ji sunan matar aure a rediyo. Ban ƙi ta taki ba. Ki nemi iznin maigida, ki yi alkunya da sunan ɗanki ko na garinku, ki roƙi a sako miki waƙar mata. In sun ce ba su da ita, wani mako ki sake, maƙwabciyarki ma ta buga. Ma'aikacin da aka tambaya abu ɗaya sau goma zai fita nemansa.

Ke kuma 'yar makaranta, aikinki ya fi. In an yi hutu, ki ari waya ki zauna gaban kakarki ko gwaggonki, ki lallaɓe ta ta rera miki, ki ɗauka. Ki samu littafi ki rubuta baitocin yadda ta faɗe su da harshenmu na Gobir, kada ki gyara mata zuwa Hausar littafin makaranta. Ki sa sunanta da garinta da shekarar da kika ɗauka, da wajen wa ta koya.

Ni na fara da gwaggona a Kurawa. Ta yi mini waƙar daka guda uku tana dariya, tana cewa 'yan boko ba su rasa abin yi. Ta huɗu sai ta tsaya a tsakiya. Na ce ta ci gaba, ta ce wannan ba ta yiwuwa da baki ɗaya, mai karɓa mata amshin tana Nijar shekara uku ke nan.