Da can 'yar wane ce

Masu furfura a cikinmu za su tuna yadda ake aiken yaro a unguwa. Sai a ce, "Je ka gidan Hajiya mai koko," ko "Kai wa Inna mai kitso kuɗinta," ko "Ruga ka kira Ungozoma." Maigidan yana nan zaune a zaure da rawaninsa da girmansa, amma sau da yawa gidan gaba ɗaya da sana'ar matar aka san shi, shi ma kuma bai taɓa ganin an rage masa komai ba.

Ana cewa matar Liman, ana cewa matar Sarkin Pawa, wannan ba a musu. Kwatance ne na mai neman hanya. Idan magana ta kai ga asali, a wurin ɗaurin aure ko rabon gado ko gaban alƙali, 'yar wane ce, kuma haka za ta zauna ko da ta yi aure uku. Malamanmu sun sha tuna mana cewa iyayen muminai da sunan mahaifansu aka san su: A'isha 'yar Abubakar, Hafsa 'yar Umar.

Mu dubi Sakkwato. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A daular nan, in ka cire Sarkin Musulmi, da wuya a sami wanda ya fi mijinta muƙami. Duk da haka ba mu gaji sunanta a matsayin matar Waziri ba. 'Yar Shehu muka sani, mai rubutu da Larabci da Fulfulde da Hausa, wadda ta kafa 'Yan Taru, ta riƙa naɗa wa jajoji malafa tana tura su ƙauyuka su koyar da mata. Tambayi ɗaliban sakandare goma sunan mijinta ka ga nawa za su amsa. Giɗaɗo kuwa malami ne, marubuci, ba ƙaramin mutum ba.

Ko a zamanin da muka gani da idonmu, Hajiya Gambo ta Zariya daga gwagwarmayar NEPU ta sami Sawaba, ta biya kuɗin sunan da zaman kurkuku. Ladi Kwali, wadda ke bayan takardar naira 20, garinsu take amsawa, tukwanenta suka kai ta Ingila da Amurka. Barmani Choge ta Funtuwa, ƙwarya da murya suka ishe ta.

Yanzu fa? Je ka wurin biki a Kano ko Kaduna ka saurari mai lasifika. Matar kwamishina a kujerar gaba, matar shugaban ƙaramar hukuma a gefenta, matar ɗan majalisa ana mata kirari. Can baya, kusa da ƙofa, ga shugabar makarantar da ta koyar da rabinsu karatu tana neman wurin zama. Mu ma da muke gunaguni, mu ne muke buga katin gayyatar.

Abin bai faɗo daga sama ba. Takardun Turawa da makarantun mishan ne suka fara liƙa wa matar aure sunan miji, musamman a Kudu, inda dama Yarbawa ke da Olori ga matar sarki, Ibo kuma ke da Lolo ga matar mai sarauta, ko da yake Iyalode ta Ibadan ko Abekuta da guminta take samun tata sarautar. Sai bariki ya ƙara gishiri. A ƙungiyoyin matan hafsoshi irin su NAOWA ta soja da POWA ta 'yan sanda, matar babban hafsa ce shugaba, ko da akwai wadda ta girme ta ko ta fi ta ilimi. Daga wannan makaranta Maryam Babangida ta fito, ta kafa shirin Better Life a 1987. A yi mata adalci, matan karkara sun ga ƙungiyoyin gama kai da injinan niƙa. Amma da mijinta ya sauka a 1993 shirin ya bi shi, Maryam Abacha ta zo da nata a 1994. Ofishin uwargidan shugaban ƙasa ba ya cikin tsarin mulkin 1999, sai dai a yau har matan ciyamomi suna da nasu. Kayan aro, in ji magabata, ba ya rufe katara.

Wadda ta fi jin jiki ita ce 'yar talaka da ta kwaikwayi manya. Ta yi aure, ta je kotu ta yi rantsuwa, ta buga a jarida cewa ta koma sunan miji. Aure ya mutu, kamar yadda yake yawan mutuwa a wurinmu. Takardar makaranta na ɗauke da sunan uba, BVN na ɗauke da na tsohon miji, katin ɗan ƙasa kuma da na sabo. Ranar da ta je banki karɓar kuɗinta, sai ma'aikaci ya ce ta kawo shaidar cewa waɗannan mata uku duk ita ce.