Saɓanin Masu Kallo a Teburin Mai Shayi

A daren wata Laraba, jajiberin kasuwar Maigatari, sa'ad da fataken shanu da raƙuma suka fara sauka daga Nijar, dillalan riɗi da zoɓo kuma suka cika gari suna jiran wayewar Alhamis, na zauna a teburin wani mai shayi inda muhawara ta kaure a kan wata mas'ala wadda babu ita a littattafan fiƙihu, amma ta tayar da jijiyoyin wuya kamar ana rabon gado: wai wane fim ne ya fi kowanne tun da aka fara yin fim a duniya. Wani dattijo daga Gumel, wanda a ƙuruciyarsa ya sha shiga silimomin Kano, ya yanke hukunci cewa Sholay na 1975 ba shi da na biyu, domin ba a sake yin mugu irin Gabbar Singh ba. Wani malamin Islamiyya daga Sule Tankarkar ya ce, in dai fa'ida ake nema, to Ar-Risala ne, wanda Mustafa Akkad ya fitar a 1976, ya ba da tarihin farkon Musulunci ba tare da ya nuna surar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ba. Direban da ke gefe ya rantse cewa marigayi Rabilu Musa Ibro ya fi su duka, tun da shi kaɗai ke sa shi manta kuɗin mai. Wani saurayi kuwa, mai tura wa mutane fina-finai a waya, dariya kawai ya yi, ya ce: "Baba, ai an wuce nan, yanzu Labarina ake yayi."

Kada mai karatu ya zaci wannan saɓani namu ne mu kaɗai. Mujallar Sight and Sound ta Ingila, tun daga 1952, takan tara masana duk bayan shekara goma su zaɓi gwanin fina-finai, kuma ijma'insu bai taɓa zama daram ba: da farko Bicycle Thieves na Italiya suka ɗora, sa'an nan Citizen Kane na Amurka ya riƙe kambun daga 1962 har 2002, Vertigo ya tuɓe shi a 2012, a 2022 kuma masana fiye da 1,600 suka fifita Jeanne Dielman, fim mai tsawon sama da awa uku wanda galibinsa wata mata ce ke girki da wanke-wanke a ɗakinta. Da za a haska shi a gidan kallo a Gagarawa, ina kyautata zaton kafin matar ta gama feraye dankalinta an nemi a mayar wa kowa kuɗinsa.

Mutanenmu sukan rufe irin wannan gardama da cewa kowa da kiwon da ya karɓe shi. Ban yarda a rufe ta da sauri haka ba, gama malamai da suka halatta saɓani ba su halatta shi babu dalili ba. Wanda ya ce wane ya fi, wajibi ne ya kawo hujja. Mizanin da ni nake aunawa da shi guda ne: fim ya gaya wa mutum gaskiyar da ya sani a rayuwarsa amma bai iya furta ta ba, kuma ya ci gaba da gaya masa ita bayan shekaru sun tsufar da kayan da 'yan wasan suka sa da kiɗan da suka taka.

A bisa wannan mizani, Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957, shi ne zaɓina. Labarin Radha ne, matar manomi wadda aka jinginar da gonar gidansu don hidimar biki, mai ba da rance ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin kowace kaka, dutse ya murƙushe hannuwan mijinta ya bar gida don kunya, ambaliya ta cinye abin da ya saura, ita kuwa ta ja garma da wuyanta ta rayar da 'ya'yanta, har daga bisani ta harbe ɗanta na cikinta saboda ya keta haddin 'yar mutane. Duk manomin ƙasar Lautai, wato masarautar Gumel, da ya taɓa cin rance da damina, ya ga buhunan geronsa suna fita daga gona zuwa rumbun wani, ba ya bukatar tafinta kafin ya fahimci wannan ƙissa, kuma abin da ya sa ke nan iyayenmu suka yi kuka a gabanta alhali ba su jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci. Na san malamin nan zai ce akwai raye-raye a ciki, kuma ban musa masa ba.

Abin da ya fi damuna a wannan dare shi ne, cikin mu duka babu wanda ya ambaci Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko Turmin Danya na 1990 wanda ake ƙirga farkon finafinan Hausa na kaset daga gare shi. Da na tambayi saurayin, sai ya ce Sangaya ne mafi tsufan abin da ya sani, shi ma a bakin yayarsa ya ji. Ta yaya alƙali zai yi hukunci a kan shaidun da ba su bayyana a gabansa ba? Shaihu Umar ya daɗe a ɓace, sai da aka gyara shi a Jamus aka nuna shi a bikin fina-finai na Balin a 2018.

Ina roƙon Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ke Jos, da malaman Hausa na Kwalejin Ilimi ta Gumel, su haɗa kai su kawo mana shi, a kafa farin ƙyalle a fili kamar yadda ake yin majigi a da, a gayyato har mutanen Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar su zauna su gani da idonsu.