Daidai Ruwa Daidai Tsaki

Cikin rangadin da muke yi na duba makarantu, akwai wani abu da ya daɗe yana ɓata mana rai. Da wata ya kai kwana ashirin sai ka tarar da aji babu malami, in ka tambaya a ce ya shiga gari neman rance. Ran da albashi ya fito kuwa, kafin ya isa gida masu bin bashi sun rabe shi. Malamin da hankalinsa ke wurin mai kanti ba ya iya natsuwa ya koyar da yara, haka kuma akawun da bashi ya dabaibaye shi ne kan fara duban hannun masu zuwa ofis. Saboda haka wannan magana ta wuce ta cikin gida, ta shafi aikin jama'a.

Ba mu ce laifin ma'aikaci ne shi kaɗai ba. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, nan da nan kuɗin mota da na abinci suka hau. Cikin watan Afrilu, 2024, hukumar da ke tsara farashin lantarki ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, watau unguwannin da aka yi wa alkawarin awa 20 kowace rana, zuwa Naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Cikin Yuli, 2024, aka sa hannu a dokar albashi mafi ƙanƙanta, Naira 70,000. Duk wanda ke zuwa kasuwa ya san inda wannan kuɗi ke tsayawa. Haƙƙin Gwamnati ne ta duba, ba kuwa za mu fasa faɗa ba. Amma kafin ta duba, akwai abin da ke hannunmu.

Mu ɗauki wutar lantarki, mu yi lissafin da muke koya wa yara. Yunit ɗaya shi ne abin da na'ura mai ƙarfin wat 1,000 ke sha cikin awa guda. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, in ana kunna shi awa 6 kowane dare, yakan ci kusan yunit 11 a wata. Ƙwan LED mai wat 9, wanda haskensu kusan ɗaya ne, ba ya cika yunit 2. To, gida mai ƙwai biyar ya tsira da wajen yunit 46 ke nan. A farashin Naira 225 wannan ya haura Naira 10,000, watau kashi ɗaya cikin bakwai na albashin da muka ambata. Wanda ba ya cikin rukunin A ribarsa ba za ta kai haka ba, amma da yayyafi kogi kan cika.

Dutsen guga da hitar dafa ruwa sun fi fitila shan wuta nesa. A tara tufafi a goge su gaba ɗaya sau ɗaya a mako, a kuma kashe fanka a ɗakin da babu kowa. Wanda har yanzu ake kawo masa takardar kuɗi bisa ƙiyasi, ya dage ya nemi mita, gama mai mita abin da ya sha shi yake biya. Satar wuta kuwa haramun ce, ba ta kuwa dace da wanda aka ba amanar tarbiyyar 'ya'yan mutane ba. Haka batun ruwa, a gyara famfon da ke ɗiga dare da rana, a kuma san jarka nawa ake saye wurin 'yan garuwa kowane mako.

Babban magani dai shi ne littafi da alƙalami. Ran da albashi ya zo, maigida ya zauna da uwargida su rubuta abin da ya wajaba tukuna: hatsi, kuɗin haya, kuɗin makaranta, wuta, ruwa, da ɗan abin da za a ajiye saboda rashin lafiya. Abin da ya rage shi ne na biki da anko da gudummawa. Waɗansu maza na ganin ƙasƙanci ne mace ta san albashinsu. Mu kuwa muna ganin wadda ke riƙe da tukunya, in ta san abin da ke akwai, ta fi kowa iya tattalinsa. Wanda ya iya shiga adashi ya sayi hatsinsa da kaka, ya huta da tsadar damina.

Daga ƙarshe muna roƙon shugabannin kwalejojin horon malamai su sa lissafin gida cikin abin da ake koya wa ɗalibai. Abin kunya ne mu yaye saurayin da ya iya warware lissafi a allo, amma bai iya raba albashinsa kwana talatin ba. Wanda ya karanta wannan, ya gwada rubuta abin da ya kashe na wata ɗaya tak, ya ga inda kuɗinsa ke zurarewa. Allah ya sa albarka cikin abin da muke samu, amin.