Matanmu Ba Su Shan Taba? To, Hayaƙin Wa Ɗan Cikin Yake Sha?

Duk lokacin da muka tayar da zancen taba, giya da ƙwaya ga mata masu juna biyu a Magaria da Dungass, amsa ɗaya muke samu: "Haba, matanmu ba su san wannan ba." Gaskiya ne, da wuya ka ga macen ƙauye da karan sigari a hannu. Amma jama'a, mu tsaya mu duba.

Maigida yana busa sigari a ɗaki ɗaya da matarsa mai ciki wata bakwai. Hayaƙin nan tana shaƙarsa, gubarsa tana shiga jininta, tana rage iskar da ke isa ga ɗan ta mahaifa. Abin da ke biyo baya likitoci sun daɗe da saninsa: haihuwar bakwaini, ko jariri mai nauyi ƙasa da kilo 2 da rabi. Tabar gari da ake sakawa a baki da kanwa ita ma taba ce, sinadarin nikotin ɗin ɗaya ne. Shishar da muke ja a fada muna kiranta gayu, ita ma haka.

Sai tramol. Mace da ciki tana daka, tana ɗebo ruwa, tana gona. Baya ya riƙe, sai a aiki yaro wurin mai tallar magani a kasuwa ya sayo "na gajiya". Ba ta san sunansa ba, balle ƙarfinsa. In ta daɗe tana sha, jaririn ma yana sabawa tun a ciki. Bayan haihuwa sai kuka ba tsayawa, karkarwa, ƙin kama nono. A ce iska ne. Ga mu kuma a bakin iyaka: ko da Najeriya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, kowa ya san iyaka ba ta tare kwalba. Giya kuwa, ko kaɗan ce, ba ta da adadin da ya zama lafiya ga mai ciki, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwar ɗa ba ta warkewa.

Me ya sa abin ya fi ciwo a nan? Tun 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take aiki a Magaria saboda tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Jaririn da ya fito duniya ƙarami, ya faɗo cikin damina, da wane ƙarfi zai yi wannan kokawa?

Doka muna da ita: tun 2006 Nijar ta kafa dokar yaƙi da shan taba, a shekarar ne kuma aka ayyana awon ciki kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8. Kowane zuwa dama ce ta yin wannan magana.

Ga abin da muke nema. Ungozoma a kowace CSI, daga Bande da Wacha har Dogo-Dogo da Mallawa, ta riƙa tambaya da Hausa, a asirce, ba tare da tsawa ba: me kike sha in kin gaji? Matar da aka kunyata sau ɗaya ba ta sake faɗin gaskiya. Wadda ta riga ta saba da ƙwaya kada ta yanke rana ɗaya da kanta, don hakan ma yana iya taɓa cikin. Ta je a duba ta. Limamai da gidajen rediyon karkara su yi magana da maza, tunda su ne masu hayaƙin kuma su ne masu kuɗin maganin.

Mu kuma ƴan birni, da muke karanta wannan a Damagaram ko Yamai: kowa yana da yaya, ƙanwa ko matar wa a gida. Ka buga waya yau. Ka tambaye ta ko ta je awo, da wane magani ke ƙarƙashin matashinta. In kai ne mai sigarin, ɗan'uwa, ka fita waje.